Yadda muka tsara ci gaba da aiki a lokacin iftila'i a wani kamfanin dillancin magunguna

Kamfanin da nake yi wa aiki yana dillancin magunguna, hedkwatarsa tana Kano, yana kuma da reshe a Gusau da wani a Maiduguri. Har zuwa shekarar 2021 ba mu da ko takarda guda da ta fayyace abin da za a yi idan aiki ya tsaya cik. Abin da ya tilasta mana zama a kan batun shi ne rufe layukan sadarwa da aka yi a jihar Zamfara a farkon watan Satumba na waccan shekarar, bisa umarnin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, domin yaƙi da 'yan bindiga. Ginin reshenmu na Gusau yana nan lafiya lau, sito cike da kaya, ma'aikata suna hallara kullum da safe, amma ba a iya karɓar kuɗi ta na'urar POS, hedkwata kuma ba ta san maganin da ya ƙare ba, balle ta aika da wani. Manajan reshen ya riƙa tura yaro Funtuwa ya buga waya, sai kuma aka rufe layukan ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwar. Da ƙura ta lafa, sai aka ɗora mini alhakin rubuta shirin da zai hana mu sake tsayawa haka.

Cikas na farko daga bakin mutane ya fito. Duk wanda na tambaya me zai yi idan gobara ta tashi a sito, sai ya ce Allah ya kiyaye, ya kawar da kai, kamar dai ina yi wa kamfanin mugun fata. Ko da an daure an saurara, lissafa masifu ba ya ƙarewa, domin bayan gobara akwai ambaliya, akwai tarzoma da dokar hana fita, akwai masu kutse, akwai ƙarancin takardun naira irin na farkon 2023 wanda ba wanda ya yi tsammaninsa. Don haka na daina tambaya a kan musabbabi, na koma tambaya a kan abin da za a rasa. Ko mene ne ya faru, ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan ne zai kuɓuce mana: ginin da muke ciki, ko wutar lantarki, ko sadarwa, ko bayanan da ke cikin kwamfuta, ko mutumin da shi kaɗai ya san wani aiki, ko kuma mai kawo mana kaya. Da na ce wa mai kula da sito, “Malam, a ƙaddara gobe an hana mu shiga wannan ɗaki na mako guda, daga ina za ka sallami masu saye?” sai ya gyara zama ya fara lissafi.

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma a ganina ya fi kowane amfani, shi ne zama da kowane sashe a yi masa tambayoyi biyu. Ta farko, tsawon wane lokaci aikinku zai iya tsayawa kafin asarar ta zama wadda ba ta gyaruwa? Ta biyu, idan bayananku suka ɓace, rubutun awa nawa ko na kwana nawa za ku iya sake haɗawa daga takardu da abin da kuka tuna? Kowane shugaban sashe ya dage cewa nasa ne kan gaba, kamar yadda aka saba. Amma da aka baje amsoshin a kan tebur, sai ga shi firjin da muke ajiye insulin da alluran rigakafi ne ya zo na ɗaya, tunda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, kuma 'yan awanni na zafin Afrilu sun isa su mayar da kayan miliyoyi shara. Na biyu shi ne littafin bashi, domin galibin cinikinmu da masu kemis da ƙananan asibitoci a kan bashi yake tafiya, kuma kamfanin da ya rasa lissafin waɗanda yake bi ya rasa jarinsa ko da sitonsa bai taɓu ba. Biyan albashi zai iya jiran mako guda, sai fa idan abin ya faɗo a ƙarshen wata. Wannan jeri na kai wa mai kamfanin da kaina, na ce, “Ranka ya daɗe, sai ka sa hannu a kan wannan, domin ranar da abin ya faru janareta guda ce za ta rage, kuma wani zai ji haushin an fifita wani a kansa.” Hukunci irin wannan ba na yaron kwamfuta ba ne, na mai dukiya ne.

A ɓangaren bayanai kuwa, mun tarar ana kwafar komai kowane dare a wani faifai da ke ajiye a kan ita babbar kwamfutar, a ɗaki ɗaya, a jikin soket ɗaya. Muka koma kan ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe a kanta: kwafi uku, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Na ƙara da sharaɗin cewa kwafi ɗaya ya kasance a cire yake daga kowace irin hanyar sadarwa, saboda abin da ya sami kamfanin jiragen ruwa na Maersk a watan Yunin 2017, lokacin da mugunyar manhajar nan ta NotPetya ta bi ta hanyar sadarwarsu ta lalata dubban kwamfutoci a ƙasashe da dama, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya taimaka musu wajen farfaɗowa shi ne wata kwamfuta a ofishinsu na Afirka ta Yamma da ta tsira saboda an ɗauke wuta a lokacin harin.

Yin kwafi abu ne mai sauƙi, dawo da shi ne ke tona asiri. Ranar wata Asabar muka ɗauko kwamfutar da ba a taɓa amfani da ita ba, muka ce a tayar da lissafin kamfanin a kanta daga kwafin ajiya kaɗai. Bayanan sun sauka lafiya, amma manhajar lissafin ta nemi lambar lasisi wadda ke hannun wanda ya girka ta shekarun baya, shi kuwa ya bar garin. Da muka zo shiga asusun banki, lambar sirrin da ake turowa ta tafi wayar akanta, wanda yake hutu a ƙauyen da ba sabis. Tun daga ranar, duk wata kalmar sirri mai muhimmanci tana cikin ambulan da aka liƙe a akwatin ƙarfe, kuma kowane aiki na kuɗi yana da mutum na biyu da banki ya sani.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka daina aiki a Najeriya. Muna da layuka daga kamfanoni biyu, amma duka suka yi rauni a lokaci guda, tamkar famfo biyu da ke jan ruwa daga rijiya ɗaya. Abin da ya riƙe mu a ranar shi ne littattafan rasit masu kabon da jerin farashi da ake bugawa a takarda kowace Litinin, waɗanda wasu matasan ma'aikata suka yi wa dariya lokacin da aka kawo su.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye sassa masu yawa na Maiduguri, har da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Lissafin reshen bai salwanta ba, domin yana isowa Kano kowane dare. Abin da ya fi amfani, a nawa hukuncin, wani ɗan sakin layi ne da ya ba manajan reshe ikon rufe shago, ya ɗauki hayar mota, ya kashe kuɗi har wani adadi ba tare da jiran izinin hedkwata ba. Da wannan iko ya kwashe kayan firji zuwa gidan wani abokin ciniki da ke kan tudu yana da sola. Kayan da ke jere a ƙasa-ƙasa cikin shago kuwa ruwa ya tafi da su. Shirin kuma bai yi tanadin cewa ma'aikatan da ake sa ran su ceci kaya su ma gidajensu suna cikin ruwa ba, saboda haka yanzu shafin farko yana farawa da neman sanin halin kowane ma'aikaci da iyalinsa, tare da ɗan kuɗin agaji da aka ware.

Na duba ma'aunin ISO 22301, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa kan tsara ci gaba da aiki a lokacin iftila'i, na ɗauki tsarin tunaninsa, amma ban nemi takardar shaidarsa ba, domin kuɗinta ya fi ƙarfin kamfani irin namu. Shirin da muke aiki da shi 'yan shafuka ne, da Hausa da Turanci, akwai kwafinsa a kowane reshe da gidajen manajoji, har maigadi yana da shafin lambobin waya. Mun saka wajibcin da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora, na sanar da hukuma cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Muna sabunta lambobin waya duk wata uku, muna atisaye sau biyu a shekara. Batun da har yanzu muke tattaunawa da mai kamfanin shi ne inshora, domin takardar da muke da ita ta gobara ce da sata, ƙara ambaliya a ciki kuwa yana da tsada, kuma sai an yanke hukunci a kansa kafin damina mai zuwa.