Kwana uku a hanyar White Rim

Har yanzu in na rufe ido sai in ga gangaren nan na Shafer. Hanya ce ta ƙasa da aka sassaƙa a jikin dutse, tana lanƙwasa tana komowa kamar maciji, kana saukowa wajen mita 450 daga saman tudu zuwa ƙasa, ba shinge ba komai a gefe, in ka leƙa taga sai ka ji cikinka ya juya. Abokina da ke tuƙi ya sa mota a ƙaramar giya dan kar birki ya yi zafi, ni ko tunda muka fara sauka bakina bai bar salati ba.

Nan ne farkon White Rim, a gandun Canyonlands da ke jihar Yuta ta Amurka, ba nisa da garin Mowab. Zagaye ne na kusan kilomita 160, sai da takardar izini ake shiga, kuma in da mota ne dole jif mai tsayi mai jan taya huɗu. Ba ruwan sha a hanya, ba gidan mai, sabis ɗin waya ma tun a sama muka yi sallama da shi. Duk abun da za ka buƙata sai ka loda shi a mota, mu dai jarkokin ruwa suka fi komai cin wuri.

Abun da ya fi tsaya mun a rai shi ne farin dutsen da hanyar ta samo suna daga gare shi. Ko'ina ja ne jawur, duwatsu ja ƙasa ja, sai wannan farin shimfiɗe a bakin kwazazzabai kamar an ja layi da alli, kuma asalinsa tudun yashi ne na bakin teku da ya daskare tun sama da shekara miliyan 250. Wai inda nake tsaye ƙura na shiga mun hanci da can gaɓar teku ne! Ikon Allah. Na daɗe zaune a bakinsa ina kallon kogin Kolorado can ƙasa ɗan siriri, wallahi shirun wajen har kunnena ke ƙara.

Ita hanyar ma ba dan yawon buɗe ido aka yi ta ba, a shekarun 1950 aka fasa ta saboda masu neman yuraniyom, ba su samu na kirki ba suka watse suka bar ta, sai a 1964 wajen ya zama gandun ƙasa.

Gudu kam babu shi. Rana ta biyu a hawan Murphy Hogback hanyar ta tsuke ta miƙe tsaye, mota ɗaya kawai ke wucewa, sai da na sauka na hau da ƙafa na duba ko wani na tahowa kafin na ɗaga wa abokina hannu. A nan ne na kusa taka wata baƙar ƙasa mai ƙuraje-ƙuraje a gefen hanya, ya ƙwala mun kira, malam dakata! Ashe ƙasar nan rai gare ta, wasu ƙananan halittu ne suka saƙa ta suna riƙe yashi kar iska ta kwashe, taku ɗaya sai ya ɓata abun da zai ɗau shekaru masu yawa kafin ya dawo. Gaskiya raina ya ɓaci da na ga sawun tayar wani ya ratsa ta tsakiyarta, saboda me fisabilillahi, ga hanya a buɗe.

Daren ƙarshe kusa da kogin Green muka kwana, zafin rana ya tafi sanyi ya sauko lokaci guda. Na kashe tocila na kwanta rigingine, taurari birjik har sun yi wa sama yawa. Da asuba muka naɗe tanti muka nufi hawan Mineral Bottom, ban so fita ba ko kaɗan.