Kafin a Ɗora Dattijo a Jirgi Zuwa Wurin 'Ya'yansa

A unguwanni irin su Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Dosa da Barnawa, da wuya yanzu ka bi layi ka rasa gidan da ke da ɗa ko 'ya a Ingila, Amurka, Kanada ko Saudiyya. Da yawansu likitoci ne da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da suka yi karatu a Zariya ko a nan Kaduna, aiki ya kai su can. Bayan tafiyarsu sai ta iyayensu ta biyo baya: uwa ta je zaman jego, uba ya je ganin likita, a dawo a sake komawa, har wani ya wayi gari rabin shekararsa a can yake yi. Mu da muka rage a gida mu ne masu raka su tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, mu ne kuma masu tarbarsu, saboda haka muna ganin yadda suke tafiya da yadda suke dawowa. Abin da na gani a danginmu da maƙwabta ya sa nake ganin gajeriyar ziyara da aka shirya da kyau tana yi wa dattijo amfani, amma dogon zama yakan rage shi, kuma 'ya'yan da ke can ba su cika hango wannan ba, domin hankalinsu yana kan asibiti mai kyau da wutar da ba a ɗaukewa.

Biza ce ke yanke tsawon zaman tun kafin iyali su zauna shawara. Bizar ziyara ta Ingila tana ba mutum damar zama har wata 6 a kowace shiga. Akwai mai shekara 2, da mai 5, da mai 10, kuma a nan ne mutanenmu suke rikicewa, domin suna ɗauka mai shekara 10 izinin zama ne na shekara 10, alhali wata 6 ɗin nan yana nan daram, abin da aka sauƙaƙa kawai shi ne ba sai an sake zuwa Abuja ko Legas ɗaukar hoton yatsu kowace tafiya ba. Idan kuma jami'in shige da fice ya lura tsohuwa tana cika wata 6, ta leƙo Kaduna 'yan makonni ta koma, yana da ikon cewa ta mai da ƙasar gidanta ya hana ta shiga. Hanyar ɗauko iyaye su zauna dindindin kuwa an tsaurara ta tun watan Yulin 2012. Sai an nuna cewa tsufa ko ciwo ya kai mutum ba ya iya wanka ko sa tufafi ko dafa abinci da kansa, sannan a nuna ba za a samu mai kula da shi a ƙasarsa ba ko da ɗan nasa zai biya. Wane Bahaushe ne zai iya tabbatar wa hukuma cewa a Kaduna, ga 'yan'uwa ga jikoki ga fam da ake aikowa, an rasa mai kula da mahaifiyarsa?

A Amurka, wanda ya zama ɗan ƙasa kuma ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa takardar zama ta dindindin. Bizar ziyara kuwa ba ta da tabbas: a 2023 an tsawaita ta ga 'yan Najeriya zuwa shekara 5, a watan Yulin 2025 kuma aka mayar da ita ta wata 3 mai shiga sau ɗaya, don haka duk wanda zai shirya tafiya ya duba shafin ofishin jakadanci a makon da yake shirin, kada ya dogara da labarin wanda ya je bara. Abin da ya daɗe bai sauya ba shi ne hukuncin wuce wa'adi: wanda ya zarce da fiye da kwana 180 za a hana shi komawa shekara 3, wanda ya zarce da shekara guda kuwa shekara 10. Kanada ce ta fi fito da maganar fili, domin tun 2011 tana da biza ta musamman don iyaye da kakanni, wadda tun 2022 take ba da damar zama har shekara 5 a shiga ɗaya, da sharaɗin inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000. Wato ta gaya maka tun farko cewa ka zo da tsohonka, amma ka zo da kuɗin jinyarsa.

Saudiyya daban take a zuciyar dattawanmu, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafin kewa a Makka ko Madina ba, ga Harami, ga Hausawa da suka daɗe a can tun zamanin tafiyar ƙasa. Amma bizar ziyarar iyali ba ta ba mutum izinin aikin Hajji, kuma tun 2017 ma'aikaci baƙo yana biyan kuɗi kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, kuɗin da ya kai riyal 400 a wata a 2020. Wanda ya je Umara ya maƙale, da niyyar Allah ya ɗauki ransa a ƙasa mai tsarki, ya jefa kansa cikin hali mai wuya, domin tsohon da ba shi da takarda tsoron asibiti yake yi, sai ciwo ya ci ƙarfinsa ake kai shi.

Maganar da na fi jin ana maimaitawa a majalisa ita ce asibiti kyauta ne a Ingila. Kyauta ne ga mazauna ƙasar. Baƙo mai bizar ziyara za a duba shi a sashen gaggawa ba tare da biya ba, zai kuma iya ganin likitan unguwa, amma da zarar an ba shi gado ko an yi masa aiki, lissafinsa kashi 150 cikin 100 ne na abin da jinyar take ci, kuma bashin da ya kai fam 500 da ba a biya ba yana iya sa a hana shi biza nan gaba. A Amurka lamarin ya fi haka tsanani, domin shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare, na masu shekara 65 zuwa sama, bai shafi baƙo ba, ko mai takardar zama ta dindindin ma sai ya cika shekara 5 a ƙasar kafin ya iya shiga da kuɗinsa. Inshorar tafiya ce mafita, sai dai tana da tarko: idan aka ɓoye hawan jini ko ciwon suga don kuɗin ya yi sauƙi, ranar da ciwon ya tashi kamfanin zai ce ba a gaya masa ba, ya zame. Dattawanmu kuwa sun iya ɓoye ciwo. Ka tambaye su su ce lafiya lau, alhali ƙwayoyi kala uku suke haɗiya kullum.

Shirin da ya fi arha a nan gida ake yin sa. A kai su wurin likitansu kamar wata guda kafin tafiya, a karɓi rahoto da Turanci mai ɗauke da sunan magani na asali, irin su amlodipine ko metformin, ba sunan da kamfani ya buga a kwali ba, domin likitan can bai san sunayen kasuwarmu ba. A duba ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, a gyara haƙori, a yi tabarau na biyu, saboda waɗannan su ne ƙananan abubuwan da suke da tsada a waje. Magani ya isa har dawowa, a cikin kwalinsa, a jakar hannu. Masu ratsawa ta Dubai su sani cewa tramadol da codeine suna iya jawo kamu idan babu takardar likita da izini. Ƙullin garin sassaƙe da saiwa marasa suna kuwa, waɗanda kowace tsohuwa take cusawa a ƙasan akwati, gara a zauna da ita a lallashe ta, in kuma ta riga tana sha a gaya wa likita. Mai allurar insulin da zai je Amurka yana buƙatar likita ya tsara masa lokaci, domin tsakanin Kaduna da New York akwai tazarar awa 5 ko 6, saɓanin Landan da bambancinmu da ita bai wuce awa 1 ba, shi ma a lokacin sanyi kawai.

Sanyin can ba hunturunmu ba ne, wanda za ka ji shi da asuba, da hantsi ka fito ka sha rana a ƙofar gida. A Landan a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, kuma daga Oktoba zuwa Maris haskenta ba ya isa jiki ya samar da bitamin D. Shi ya sa hukumar lafiya ta ƙasar take ba da shawarar shan maikirogiram 10 kullum, ga masu baƙar fata da masu rufe jiki ma duk shekara. Tsohuwar da ta tafi da ciwon gwiwa, ta zauna a ɗaki ba rana ba motsi, ciwon ƙaruwa zai yi. A gida dattijo yana taka ƙafa zuwa masallaci sau biyar, yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure da dubiya, bai taɓa kiran wannan motsa jiki ba, amma shi ne yake riƙe masa suga da hawan jini. A can masallaci sai da mota, mai motar yana wurin aiki tun safe, jikoki suna makaranta, in sun dawo ma Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Abinci kuwa shi ne abin da 'ya'ya suka fi rainawa, shi ne kuma ya fi saurin nunawa a jiki. Lokacin da gwaggona take wurin 'yarta a Ingila na kira ta na ce, "Gwaggo, ya ƙarfin jikinku, kuna dai samun abin da kuke so?" Ta ce, "Ɗan nan, komai akwai, Allah ya yi musu albarka, ni dai cikina ne bai san na ci abinci ba." Wadda ta saba karya kumallo da koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo da miyar kuka, sai ga ta da farin burodi da shayi mai sukari, da rana farar shinkafa, da dare soyayyen dankali da lemon kwali. Ga mai ciwon suga wannan sauyi ba ƙarami ba ne, domin gero da dawa da acha da wake sun fi farin fulawa jinkirin ɗaga suga. Wasu kuma akasin haka ke faruwa da su: shakkar ko naman yankan Musulmi ne, da ƙyamar miyar da ta yi mako a firji, sai su rage ci ba tare da sun faɗa ba, su dawo a rame a ce sanyi ne. Ga kuma gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, alhali abincin gwangwani da na kanti cike yake da shi ko da harshe bai ji ba. Mu ma a nan ba mu tsira ba, tun da dunƙule ya kori daddawa daga tukwane da yawa.

Maganin wannan rabinsa yana Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, garin kunu, busasshen zogale da yaji ba su da nauyi, kuma suna iya riƙe tsohuwa watanni, in an haɗa da garin masara ko na shinkafa da ake samu a shagunan 'yan Afirka. Kilishi da dambun nama da man shanu, waɗanda su ne tsarabar da kowa ya fi so, su ne ba sa wucewa, domin Ingila ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shigo da nama da kayan madara, Amurka ma ta hana naman, tana kuma buƙatar a bayyana duk wani abinci da aka ɗauko. Mai zuwa Saudiyya ya bar goronsa a gida, kamar yadda hukumar alhazai take gargaɗi. Sauran rabin maganin shi ne a bar tsohuwa ta shiga kicin ta tuƙa tuwonta da kanta. 'Yar da take hana ta don tausayi, tana cewa ku huta Mama, ta raba ta da aiki ɗaya tilo da ya rage mata a gidan. Azumi ma a lissafa shi: idan Ramadan ya faɗo a tsakiyar bazarar Ingila yakan wuce awa 18, ko da yake a shekarun nan ya karkato wajen sanyi, kuma mai shan maganin suga ya ji ta bakin likita kafin ya ɗauka.

Akwai kuma kara. Uwa Bahaushiya ba za ta dubi ɗan da ya kashe miliyoyi kan tikiti da biza ta ce ta gaji tana son gida ba, balle a gidan suruka. Za ta ce ba komai, ta ci gaba da ƙirga kwanaki a zuci. Saboda haka bai kamata mai masaukin ne zai tambaye ta ba; a sa ƙanwarta ko aminiyarta ta kira ta daga Kaduna lokacin da ba kowa a gidan, a nan ake jin gaskiya. Ni da za a bi shawarata, da an yanki tikitin dawowa mai tsayayyar rana tun kafin tashi, wata 2 ko 3, tsakanin Mayu da Satumba lokacin da yini yake da tsawo kuma ana iya fita, in ta ji daɗi ita da bakinta ta nemi ƙari.

Dawowar ma tana da nata shiri. Wanda ya daɗe a ƙasar da babu zazzaɓin cizon sauro, kariyar da jikinsa ya saba da ita takan ragu, kuma mai dawowa a Satumba yana sauka ne a ƙarshen damina, lokacin da sauro ya fi yawa a Kaduna. A ɗaura masa gidan sauro tun daren farko, kuma duk zazzaɓin da ya taso a makonnin nan a kai shi gwajin jini a ranar, kada a ce gajiyar hanya ce a ba shi farasitamol. A kuma koma wurin likitan da ya duba shi kafin tafiya, a sake auna suga da hawan jini, domin in abinci da motsi sun sauya, yawan maganin da ya dace da shi a can yana iya zama ya yi masa yawa ko kaɗan a nan.