Ƙugin jitata ya mutu, ko dai saura kaɗan

'Yan uwa masu koyo, jiya da daddare na kunna amfilifaya, na ƙure murya, na ɗauke hannuna daga tsirkiyoyi, ɗakin ya yi shiru. Wanda bai taɓa fama da jita mai araha a ƙauye ba zai ce mene ne abin murna a nan, amma ni tun farkon damina nake wannan yaƙi.

Tawa irin ta Caina ce, kwaikwayon Stratocaster, fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) uku masu naɗin waya ɗaya, sunan da ke kanta ma ba wanda ya san shi. A Sabon Gari ta Kano na ɗauko ta, naira dubu 95 ita da jaka. A shagon lafiya lau take. Da na iso da ita gida, nan gefen Ringim, sai ta zama gidan zuma, ƙugi ba tsayawa, ya fi kiɗan ƙarfi in na ƙara mata kaushi.

Kowa ya ce mini wayar da ke haɗa jita da amfilifaya ce. Na sayi sabuwa dubu takwas, har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin ko ɗigo bai ragu ba.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne na lura ƙarar iri biyu ce. Akwai mai kauri ta ƙasa-ƙasa, wadda ke ƙaruwa ko raguwa in na juya jikina gabas ko kudu. Wannan ta wutar lantarki ce, tamu da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya kuwa yana kwaso ta daga iska. Ba laifin araha ba ne, Stratocaster ɗin Leo Fender ta 1954 ma da shi ta fito, shi ya sa Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera fikof mai naɗi biyu, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. In na kai makunnin zaɓen fikof matsayi na biyu ko na huɗu sai ƙarar ta ɓace, alamar masu ƙera jitar sun naɗe fikof na tsakiya a juye yadda ya kamata. A nan na jinjina musu, ban zaci za su damu da haka a jitar wannan kuɗin ba.

Ta biyun ce ta hana ni barci: siririya, mai tsartsatsi. A ƙa'ida in ka taɓa tsirkiya ya kamata ta ragu, saboda akwai wayar da ke haɗa gada (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita) da atin na jitar, wato layin da ake haɗawa da ƙasa. Ni kuwa ko na taɓa ko ban taɓa ba duk ɗaya, amma in na kama ƙarfen bakin soket sai ta lafa. Na kwance murfin baya, inda sifirin suke. Ga baƙar waya nan kwance a kan ƙarfen da ke riƙe sifirin, da ɗan ɗigon dalma a bakinta, a ido kamar a manne. Na taɓa ta da tsinke sai ta zame. Tun daga masana'anta ba ta kama ba.

Na kai wa yaron da ke gyaran wayar hannu a bakin tasha. Ƙarfen sodarsa ƙarami ne, wancan ƙarfen kuma mai kauri, yana shanye zafin kafin dalma ta narke a jikinsa, sai ta dunƙule ta gangaro. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya ƙarasa aikin. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Yaro, ai ba a liƙa dalma a kan datti." Ya goge wurin da sanfefa har ya yi fari, ya sa babban ƙarfensa, nan take ta bi jiki ta kwanta. Na ce, "Baba, nawa ne?" Ya ce in ba shi kuɗin goro. Mai dubu takwas yana can, mai ɗari biyar ne ya yi magani.

Daga nan in hannuna na kan tsirkiya shiru, in na ɗauke ta dawo. Da na cire farin farantin gaba na ga dalili: ramin katako ne tsirara, ba fentin kariya, sai ɗan guntun azurfa a ƙarƙashin maɓallai. Tef na tagulla ake so, ban samu a kusa ba, sai na yi da takardar alminiyom irin wadda ake naɗe gasasshen kifi da ita, da gam. A nan ne fa haƙuri ya kusa ƙare mini. Alminiyom ba ya karɓar dalma, kuma gam yana raba falle da falle, sai ka ga ka shafe rami duka amma mitar gwada wuta ta ce ba su haɗe ba. Dole na riƙa lanƙwasa bakin kowane falle a kan na kusa da shi, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, na bar ɗan leɓe ya hau saman jiki don ya sadu da na bayan faranti, sannan na ɗaure waya da ƙaramin sukuru zuwa bayan maɓallin murya. Ku kula da wurin soket da ƙafafun makunni: in takardar ta taɓa wayar sauti, jitar za ta yi gum gaba ɗaya. Na liƙa baƙin tef a wuraren.

Ya ragu sosai, amma da magariba sai ya dawo. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da shagon cajin waya na ƙanina, caja birjik a kan janareta, ga ƙwayayen fitila masu araha. Soket ɗinmu kuma ramin atin ɗinsa ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Wannan ba zancen sauti kaɗai ba ne. Yanzu da tsirkiyoyi suka haɗu da jikin amfilifaya, duk wutar da ta ɓalle a can ta hannunka za ta bi, musamman in kana zaune ba takalmi a kan siminti. In kun ji tsirkiya na ɗan jan yatsa, ku zare fulogi, ku nemo mai wayarin. An ce mini in kafa sandar tagulla da gawayi da gishiri, amma rairayin nan namu da rani ya bushe ƙamas, sai an riƙa ban ruwa. Na haƙura da wutar shago. Amfilifayata ƙarama ce mai cin bolt 9, na sa mata batir shida masu caji, ina cajinsu da rana a sola. Na kuma matsar da tabarmata can nesa da katangar.

Masu tambayata ko su jira sai sun tara kuɗin jitar Squier ko Yamaha Pacifica: in da hali, sun fi, ba musu. Amma wuyan tawa a miƙe yake, sautin fikof na wuya kuma yana da daɗi ga irin kiɗan Agadas da yawancinmu muke bi. Inda ido ba ya gani nan suka rage kuɗi, kuma kusan duk wannan hannu na iya gyarawa. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, to ni da nake da tsirkiya shida na gaske ba ni da bakin kuka.

Saura tsirkiya ta uku. Da na ja ta sama sai ta ƙi komawa daidai, ina jin tana maƙalewa a tsagin ƙashin wuya, inda tsirkiyoyi ke bi kafin kunnuwan ɗauri. Zan goga mata bakin fensir in gani kafin in zargi kunnuwan ɗauri. Wanda ya taɓa faɗaɗa tsagin nan ba tare da fayil na musamman ba, don Allah ya faɗa mini da me ya yi, kafin hunturu ya shigo katakon ya fara nasa motsin.