Kyanwoyin da Suka Koma Daji da Makomar Tsuntsaye

Duk wanda ya taɓa ganin fakara ta lafe a kan ƙwanta cikin ciyawa, tana ko motsi ba ta yi, zai gane dalilin da ya sa maharba ke kuka da kyanwoyin da suka bar gida suka koma daji. Tsuntsun da ke sheƙa a ƙasa ba shi da mafaka idan muzuru ya biyo sawunsa da dare, kuma 'yan tsakinsa ne ke fara tafiya. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 da biliyan 4 kowace shekara a Amurka, mafi yawa kuwa aikin marasa mai gida ne.

Duk da haka, ban yarda da shawarar a sakar wa kowane mai bindiga mara ya riƙa harbe waɗannan kyanwoyi ba, domin daga nesa babu mai iya bambanta kyanwar da ta koma daji da ta maƙwabcinsa. A 2005 an kawo irin wannan shawara a jihar Wisconsin ta Amurka, amma gwamnan jihar na lokacin, Jim Doyle, ya ce ba zai sa mata hannu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. A tsibirin Macquarie na Ostareliya, bayan an kawar da kyanwoyi a 2000, zomayen da kyanwoyin ke ci a da sun yi ta hayayyafa har suka cinye ciyayin da tsuntsaye ke fakewa a ciki. Saboda haka na fi son a bar aikin a hannun jami'an kula da namun daji, su tantance wurin, su ɗana tarko, sannan su gayyaci maharban da suka horar.