Laraba: sabobi uku, jagora ɗaya

Ƙarfe sha ɗaya saura na dare. Idona har yaji yake yi saboda kallon allon kwamfuta, amma gara in rubuta abin da ya faru yau tun ban manta ba.

Shekara uku ke nan rumbun bayananmu yana zaune kan saba ɗaya tilo, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan tana ba sauran na'urori. Duk wanda ya san aikin nan ya san barcin da ake yi a haka, rabi da rabi ne, don ranar da faifan ya mutu komai ya tsaya cak. Sai makon jiya Oga ya yarda aka ƙaro biyu, yau kuma muka zauna haɗa su, ni da yarinyar da ke koyon aiki a wurina.

A takarda abin ba wuya. PostgreSQL, manhajar da ke tafiyar da rumbun namu, ba ya taɓa teburin bayanai sai ya fara rubuta canjin a kundin da ake kira WAL, fayiloli ne masu megabait 16 kowanne. Saba ta ɗaya ita ce jagora, ita kaɗai ke karɓar rubutu. Sauran biyun mabiya ne, suna jawo kundin yana zubowa, suna maimaita abin da ke ciki daki-daki. Tun fitowa ta 9.0 a 2010 ake wannan, ba sabon abu ba ne. Shi ya sa na ce mata kafin rana ta take mun gama.

Ina! Da na kunna pg_basebackup don ɗebo kwafin farko, jagora ta ce ba ta san zancen ba. Na duba ƙofa ta 5432, wadda ake shiga PostgreSQL ta cikinta, a buɗe take. Na zargi katangar tsaro, na zargi kalmar sirri, har kebul na canza. Minti arba'in ina wannan kame-kamen. Can sai yarinyar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ka karanta saƙon har ƙarshensa kuwa?" Ban karanta ba. A pg_hba.conf, fayil ɗin da ke faɗin wa aka yarda ya shigo, na sa all, na ɗauka ya haɗa kowa da komai. Ashe haɗin kwafi ba ya cikin wannan all ɗin, layinsa daban ake rubuta masa. Layi ɗaya tak. Na gyara, ya wuce, na yi kamar ban ga tana danne dariya ba.

Sai kuma tsohon littafina ya so ya kai ni ya baro. A ciki na rubuta a yi fayil ɗin recovery.conf don saba ta san ita mabiyiya ce, alhali tun fitowa ta 12 a 2019 an daina amfani da shi, in ma saba ta gan shi ƙin tashi take yi. Yanzu fayil ne fanko mai suna standby.signal. Na soke shafin da biro. Wajen ƙarfe ɗaya pg_stat_replication, inda jagora ke jera mabiyanta, ya nuna layi biyu, duka suna tafiya.

A nan Oga ya leƙo, ya ga kore ko'ina, ya ce to ke nan ajiyar da muke yi kullum dare ba ta da sauran amfani. Na ce, "Yallaɓai, zo ka gani." Na ƙirƙiri teburin gwaji, na nuna masa shi a allo uku, sannan na goge shi a kan jagora. Kafin ya ɗauke ido daga allon farko ya ɓace a sauran biyun. Mabiyi ba ya tambayar ko kuskure ne, abin da jagora ta yi shi zai yi, mai kyau da marar kyau. Oga ya ɗan yi shiru, ya ce a bar ajiyar yadda take. Gani ya kori ji.

Da yamma ne aka yi ta. Na ce sai mun kashe jagora da hannunmu, don ban yarda da tsarin da ban ga faɗuwarsa ba. Na zare kebul ɗin saba ta ɗaya, na ɗaga ta biyu ta zama jagora, na juya manhajar gwaji zuwa gare ta. Lafiya lau. Murna ta sa na mayar da kebul ɗin ba tare da na kashe saba ta ɗayan ba.

Ita kuwa ba wanda ya gaya mata an tuɓe ta. Ta dawo da rawaninta a ka. Wani ɗan shiri da na manta yana ɗauke da tsohon adireshi ya ci gaba da zuba mata rubutu, saba ta uku ma, da yake ban juya ta ba, ta koma bin tsohuwar uwar ɗakinta. Kusan minti shida muna da jagora biyu ban sani ba. Da na duba, layin tebur mai lamba 5012 yana nan a duka biyun, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Wanne ne gaskiya? Dukansu, kuma babu wata dabara da za ta haɗe su da kanta. Sai da gabana ya faɗi, ko da yake bayanan gwaji ne. Da kuɗin mutane ne fa?

Na yi sa'a na kunna wal_log_hints, saitin da shirin pg_rewind ke buƙata, tun da safe, don haka pg_rewind ya yarda ya mayar da tsohuwar jagora baya zuwa inda hanya ta rabu. Abin da aka rubuta mata cikin mintocin nan kuwa ya tafi ke nan.

Sai yanzu na yarda cewa kwafin ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne a san wa ke jagora a kowane lokaci, kuma wanda aka sauke ya san an sauke shi. Ni da nake zaune a gaban injinan da rana tsaka na kuskure, balle ƙarfe uku na dare an tashe ni daga barci. Gobe Patroni za mu sa, manhajar da ke sauya jagora da kanta, da etcd, inda ake ajiye labarin wa ke jagora, a kan kowace saba. Jagora tana riƙe da makulli mai wa'adi, in ta kasa sabunta shi sai ta sauka da kanta. Yarinyar ta tambaye ni me ya sa lallai sai uku. Na ce in biyu ne layi ya yanke, kowacce gani za ta yi ɗayar ce ta mutu. In uku ne, ɓangaren da ke da biyu shi ne da rinjaye. Huɗu ma ba ta fi uku ba, mutuwar ɗaya kawai take jurewa.

Akwai abin da ban yanke ba tukuna. A yadda muke yanzu jagora ba ta jiran mabiya kafin ta ce an ajiye, don haka in ta faɗi ana iya rasa rubutun ƙarshe. Zan iya sa ta jira ko wacce ɗaya cikin biyun, amma kowane rubutu zai ƙara ɗan nauyi, masu manhaja kuma ba sa raina abin ƙorafi. Sai na auna da safe.

Yanzu na tuna, gurbin kwafin da na buɗe wa saba ta biyu a kan ta ɗaya, wato alamar da ke sa a riƙe mata WAL har ta jawo, ban goge shi da hannuna ba. Gurbin da ba mai jawo shi tara WAL yake yi har faifai ya cika, kuma ban sa masa iyaka ba. Bari in shiga in duba kafin in kwanta.