Yadda na wanke bututun Mak-fo bayan tsatsa ta kama shi

A shekarun da na yi ina aikin tsaron gandun daji, bindigar da aka damƙa mini ita ce Lee-Enfield ƙirar Ingila, wadda muke kira Mak-fo, mai cin harsashi .303 guda goma. Ta girme ni nesa ba kusa ba, domin irinta aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da su, amma bututunta yana sheƙi ranar da na sa hannu na karɓe ta. Cikin watan Agusta, damina ta yi tsaka, na harba harsashi huɗu a sama don korar masu farautar sata, muka kwana uku a daji ruwa yana dukanmu, ban yi mata komai ba illa shafa mai a bayanta. Da muka dawo na cire gidan harsashi, na tabbatar babu komai a ciki, na zare sakata na ɗaga bututun wajen haske, sai na ga cikinsa ya yi duhu, ga wani ja-ja kwance a cikin tsagogin da ke murɗa harsashi.

Abin da na fara yi kuskure ne. Na ciro igiyar gogewa daga ramin da ke gindin bindigar, na jiƙa ƙyalle da mai, na yi ta ja har tafin hannuna ya yi zafi. Ƙyallen farko ya fito baƙi ƙirin, na goma ya fito da sauƙin dauɗa, na ɗauka aiki ya ƙare. Bayan kwana biyu na sake dubawa, tsatsar ta dawo, har ta fi ta farko yawa.

Dattijon da ke riƙe da ma'ajiyar makamanmu, tsohon soja ne, shi ya karɓi bindigar ya leƙa, sannan ya tambaye ni irin harsashin da na harba. Da na nuna masa kwanson, sai ya ce, “Ɗana, gishiri ka rufe da mai.” Ya bayyana mini cewa tsofaffin harsasan soja suna da wani sinadari a ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, wanda idan ya ƙone yakan bar gishiri a jikin bututu. Gishirin nan yana jan danshi daga iska, mai kuma ba ya narkar da shi, sai dai ya lulluɓe shi tsatsa ta ci gaba da cin ƙarfe a ƙarƙashi. Maganinsa ruwa ne kawai. Raina bai kwanta ba, domin tun muna yara mun san ruwa da ƙarfe ba sa ga maciji, amma na tafasa buta guda, muka sa mazurari ta bayan bututun, bakin yana kallon ƙasa, na tsiyaya a hankali ina kiyaye katakon. Ruwan ya fito kamar jiƙon kanwa. Zafin da ƙarfen ya ɗauka shi ya busar da shi cikin ɗan lokaci, na bi da busasshen ƙyalle, sannan da mai. Baba ya sa na maimaita gogewa kwana uku a jere, domin a cewarsa bututu yakan yi gumi bayan harbi.

Tsatsar ta tsaya, amma bututun bai washe ba, kuma a nan na fi daɗewa. Baƙin hayaƙin albarushi da ya daskare kusa da mazaunin harsashi, wato gindin bututun inda harsashi ke zama kafin a harba, ya saki bayan na jiƙa shi da kananzir ya kwana, na bi shi da buroshin tagulla a kan sanda. Buroshin nan ba a juya shi a tsakiyar bututu, sai an tura shi ya fita gaba ɗaya kafin a dawo da shi, in ba haka ba gashinsa ya karye ko ya maƙale. Da baƙin ya tafi sai wasu zane-zane masu launin jan ƙarfe suka bayyana kusa da baki, waɗanda fatar harsashi ke bari duk lokacin da ya wuce da zafi. Kananzir bai taɓa su ba, buroshi ma haka. Sai da muka samo ruwan wanki mai amoniya, na jiƙa ƙyalle na shafe cikin, na jira kamar minti goma, na tura sabon ƙyalle ya fito shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Shuɗin nan shi ne jan ƙarfen da ya narke. Na yi haka sau bakwai cikin kwana biyu, ban taɓa barin ruwan ya bushe a ciki ba, domin amoniya idan ta daɗe takan cutar da ƙarfen kansa. Akwai lokacin da shuɗin ya ƙi ƙarewa har na fara damuwa, ashe buroshin tagullar ne da kansa yake narkewa yana rina ƙyallen. Da na koma buroshin roba, ƙyalle na uku ya fito fari.

Duk da haka wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun rage, kamar taƙi guda daga mazaunin harsashi. Na so in naɗa takardar yashi a sanda in kankare su, Baba ya riƙe hannuna. Ya tura ƙyalle mai matsewa a hankali ya ce in saurara da yatsuna, na kuwa ji yana ɗan kakarewa a daidai wurin, ya fito da zare a tsattsage. Waɗannan ramuka ne da tsatsa ta haƙa cikin kwanakin da na yi sakaci, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Da na kankare, da na cinye kaifin tsagogin da lafiyarsu ƙalau, alhali su ne ke riƙe harsashi su saita shi. Ya kuma nuna mini wata tsohuwar bindiga da bakinta ya lotsa gefe guda, saboda mai ita ya shekara da shekaru yana jan igiya a karkace tana gugar gefen. Tun ranar nake jan igiyata a miƙe, kuma in da sanda zan yi aiki, ta baya nake shigar da ita.

Mako biyu bayan haka muka je filin gwaji. Na goge man cikin bututun tas kafin in ɗura harsashi, na harba biyar daga yadi ɗari, duka suka taru a wurin da bai fi faɗin tafin hannu ba, kamar yadda take yi kafin damina. Ramukan suna saurin tara dauɗa, don haka wurin yakan ci mini ƙyalle biyu ko uku fiye da da. A daren nan ban ci tuwo ba sai da na ɗora buta a wuta, kuma daga wannan sintiri ƙaramin mazurari ya shiga jakata tare da igiya da kwalbar mai, har ranar da na mayar da bindigar ma'ajiya.