Ɗokin Komawa Duniyar Wata

Yau bayan an tashi na tarar da ɗalibaina sun yi cincirindo a kan waya guda, suna kallon 'yan sama jannati huɗu da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta zaɓa a 2023 domin kewaya wata a shirin Artemis. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta nuna hoton Christina Koch, ta ce, "Malam, ashe har da mace?" Tambayar ta ratsa ni, domin dukkan mutum 12 da suka taka duniyar wata tsakanin 1969 da 1972 maza ne.

Ina ganin ɗokin yaran nan ya cancanci darasi guda cikakke, kuma gobe zan ba su shi.